Lambatun da Na Haƙa wa Hanci-ƙasa

Yayan mijina, wanda kowa ke kira Hanci-ƙasa, mutum ne da in ka gaishe shi sai ya ɗaga kai ya dubi inda iska ke kaɗawa kafin ya amsa maka. Shekara goma sha ɗaya ba ma shan inuwa ɗaya da shi, kuma ba zan ɓoye ba, ban taɓa tsanar ɗan'adam kamar yadda na tsane shi ba. Gonata ce ta hana mu rabuwa, don tana nan daidai inda filin jiragensa ya ƙare, babu abin da ya raba su sai 'yar hanyar ƙafa.

In na ce jirage, kada ranka ya kai ka ga manya masu tagogi. Waɗannan bututun alminiyam ne aka ɗame da ƙyalle, kujera biyu, inji a bayan ƙeyar matuƙi wanda da kaɗan ya fi na babur, sai farfela. Mutum biyu ke turo shi da hannu daga rumfa. Mai hankali ba zai ɗora akuyarsa a kai ba, amma mutane na zuwa daga nesa su koyi tuƙa shi.

Asalinsa mai gyaran injin ban-ruwa ne da janareto, a wani shago mai ƙofar langa-langa a bayan tashar mota. Wata rana wani tsohon matuƙi ya kawo masa injin irin wannan jirgi da ya gagari kowa. Ya gyara, ya ce ladansa a ɗaga shi sama sau ɗaya. Tun daga ranar bai sake zama mutum ba. Ya rufe shago, ya yi shekaru yana share wa tsohon rumfa har ya sami takardar tuƙi, daga baya ta koyarwa. Matarsa ta yi haƙurin shekara shida sannan ta tattara nata ya nata, kuma ban ga laifinta ba. Ya koma kwana a wani ɗaki a bayan rumfar jirage, gadon ƙarfe ɗaya, risho, da kwalabe jere a kan katako cike da notina, kowace da takardarta. Akwai wata 'yar kwalba da yake tsiyaya mai a ciki kowace safiya, ya ɗaga ta ga rana ya duba ko akwai ruwa. Ya fi kallon kwalbar nan da fara'a fiye da yadda yake kallon dangi.

Shi ya ja ƙanensa, maigidana, cikin harkar. Ciki ɗaya suka fito amma hali ya bambanta, don maigidana mutum ne mai dariya da son mutane, in ya tashi sama sai ya ratso ta kan gida ya kaɗa fiffike don 'yan biyunmu su yi ihu.

Laƙabin kuwa daga koyarwarsa ya samo shi. Duk ɗalibin da zai tashi, sai ya faɗa da babbar murya kafin ya taɓa totur: in inji ya mutu, hanci ƙasa, in miƙe gaba, ba juyawa. Wanda ya faɗa ciki-ciki sai a kashe inji a sauke shi, ko da furfura a kansa. Wani lokaci suna cikin hawa sai ya miƙa hannu ya ja totur baya ba sanarwa, ya zuba wa ɗalibi ido. Hujjarsa ita ce, jirgi mai hawa hancinsa na sama, in inji ya ɗauke, kafin ka ƙirga uku gudunsa ya ƙare, iska ta daina riƙe fiffike. Sai ka danna sandar tuƙi gaba nan take, ka sauka a duk abin da ke gabanka. Wanda zuciyarsa ta ce masa ya juyo fili, juyin zai cinye ɗan tsawon da ya samu, fiffike ɗaya ya faɗi, shi ke nan.

Wannan gaba da suke ta faɗa, gonata ce. Tun farko shi da maigidana suka yi shawara aka bar wata hanya mai faɗin taku ashirin a tsakiyarta, daga wannan baki zuwa wancan, ba shuka ba turke, ciyawa kawai. Kabeji a dama, dankali a hagu.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, ina tsakiyar hanyar nan a duƙe ina ɗaure buhun kabeji. Maigidana ya taso shi kaɗai. Bai wuce tsawon bishiya biyu ba injin ya yi tari sau ɗaya ya yi shiru. Na miƙe, na ga hancin jirgin ya sauko saitina, sai kuma na ga fiffiken hagu ya karkata, yana ƙoƙarin komawa. Bai kai rabin juyi ba ya sulalo a gefen rumfa. Kafin in isa wurin rai ya yi halinsa.

A zaman makoki mutane suka yi ta cewa ai don kada ya faɗa kan matarsa ne ya juya. Maganar ta yi mini daɗi, don ta nuna ni ce a ransa har ƙarshe, kuma ta zauna mini a ƙirji kamar dutse, don ta nuna da ban tsaya a wurin ba da yana raye. Ina cikin ɗaki na jiyo muryar Hanci-ƙasa daga tsakar gida, bai ko rage ta ba.

"Ba don ita ya juya ba. Jirginsa ya ji wa. Hanyar nan taku ashirin ce, ita ko taku ɗaya ba ta cika ba. Kuskure ya yi, ku daina yi masa ado."

Kwana biyu da rufe ƙanensa ke nan. Na ji kamar in fito in yaƙushe masa fuska, mata suka danne ni. Daga ranar na daina gaishe shi, shi kuma ko a jikinsa.

Haka muka zauna. Kowace safiya sai ya ratsa hanyar nan da ƙafa, hannu a baya, yana tsince duwatsu yana jifa da su gefe. In ya tarar da bokitina sai ya yi cilli da shi cikin kabeji. Na dasa gwaiba a bakin hanya, ta fara tasawa, ya zo da adda ya sare. Na wanke shi tas a gaban ɗalibansa, na ce masa marar imani wanda mace ta gudu ta bari, ya tsaya har na gama sannan ya ce in kwashe rassan daga kan hanya. Ni kuma kullum in na shigo gona sai ƙafata ta kai ni wurin da nake tsaye ranar, in ɗan jima a nan kafin in kama aiki. Yakan wuce ni ya ci gaba da tsintar duwatsunsa. Saƙo tsakaninmu 'yan biyu ke kaiwa, har suka girma suka tafi birni, saƙon ma ya yanke.

Abin da ya ƙure ni ya faru bara. Ina ban-ruwa kusa da iyaka na jiyo shi da sababbin ɗalibai uku a gefen rumfa, yana nuna musu ƙasa da tsinin takalminsa. Yana gaya musu nan wani ya faɗi, mutumin da ya san ƙa'ida sarai amma ya ƙi bin ta. Ko ƙanena bai ce ba, wani ya ce. Ashe duk shekarun nan da mutuwar mijina yake buɗe darasi.

Washegari na kira masu haƙa. Suka ja mini lambatu ya ratsa hanyar daga kabeji zuwa dankali, zurfinsa ya kai gwiwa. Gaskiya ne ɓangaren dankali na bukatar ruwa, kuma gaskiya ne da na binne bututu a ƙasa da ya wadatar. Na san haka, na zaɓi rami.

Kafin azahar ya iso, ya tsaya a bakin lambatun ya daɗe yana kallo.

"Maman 'yan biyu, kin san me kika haƙa?"

"Hanyar ruwa na haƙa, Yaya, a gonata."

"Kabari kika haƙa. Saura ki jira ki ga na wane ne."

Na ce masa ai shi gwani ne, ba ya kuskure, sai ya koya wa jirginsa tsallake. Da yamma ya kawo bututu mai kauri a kafaɗa ya ajiye a bakin gona, na ja shi na jefa masa a fili. Ya sake kawowa, na sake mayarwa. A karo na uku ya jingine shi a jikin rumfa, ya samo tsofaffin tayoyi ya shafe su da farin fenti ya ajiye a gefe da gefen ramin don a riƙa hangowa daga sama. Ya so ya riƙa tashi ta ɗaya bakin filin, amma jirgi iska yake fuskanta in zai tashi, iskar wurin kuwa yawanci daga gonata take zuwa. Na ji an ce ya ƙara wa haddar ɗalibai layi ɗaya, wai a tsaya kafin fararen tayoyi. Na yi dariya har da riƙe ciki, ina ganin na rama.

Wata uku bayan nan, da safe, ina tsaye a wurina na kullum, can gaba da ni kuma lambatun. Ya taso da wani ɗalibinsa mai kemis, ƙaton mutum da sai an saki bel ɗin kujera har ƙarshe kafin ya zagaye shi. Suna hawa, suna hawa, sai ƙarar ta ɗauke. Na san shirun nan, shekara goma sha ɗaya yana cikin kunnena. Wannan ba jan totur na gwaji ba ne, farfelar ta tsaya cak.

Hancin ya sauko tun kafin in gama ɗaga kai. Jirgin ya miƙo kaina, ni kuma ƙafafuna suka ƙi motsi, fartanya na hannuna. Ban ga fiffike ya karkata ba. Ɗan gocewa kawai ya yi zuwa dama, ya wuce ta gefena, kusa har na ga bakinsa a buɗe yana yi wa mai kemis tsawa ya ɗauke hannunsa daga sanda. Tayoyi suka taɓa ciyawa lafiya lau, jirgin ya ci gaba da gudu yana rage ƙarfi. Da hanyar na nan yadda take a da, taku talatin zai ƙara ya tsaya, su sauko suna zagin inji. Tayar gaba ta faɗa lambatuna, jirgin ya kife.

Mai kemis ya rarrafo waje da fasasshen leɓe yana salati. Hanci-ƙasa na rataye a bel, kai ƙasa, ƙarfe ya danne masa ƙugu. Abin da ya fara faɗa shi ne a rufe makunnin mai. Ni da mai kemis muka ɗaga ƙarfen, muka jawo shi kan kabeji, bai dube ni ba ko sau ɗaya.

Likita ya ce ƙugu ya karye biyu, ƙashin baya ya tsage, zai yi tafiya da sanda in an yi sa'a, amma shi da tuƙi har abada. Kwana huɗu ina juyi a gida kafin in iya zuwa asibiti. Na shiga a shirye in sha zagi, don na cancanta. Na same shi a kwance ɗauke da filasta, yana kallon labulen taga yadda iska ke kaɗa shi. Na ce sannu Yaya, karon farko cikin shekara goma sha ɗaya.

"Kin ga akwai wuri?" ya ce.

Na ce wane wuri.

"A inda kike tsaye ran nan, nan kike tsaye wancan karon. Na wuce ki, ko gyalenki ban taɓa ba. Shi ma da ya miƙe da ya wuce ki. Ba ke kika kashe shi ba, tun ranar nake faɗa, kunnen ƙashi gare ki."

Na ce wa ya gaya masa ina zaton ni na kashe shi. Ya ce ba ya bukatar a gaya masa, kullum da safe yana ganina a tsaye a wurin kamar turke. Sannan ya nuna filastar da haɓarsa.

"Wannan kam ke ce. Ki je ki cike ramin nan, akwai masu tashi ranar Asabar."

Na fito baranda na zauna a kan benci na yi kukan da ban yi ba ranar makoki. Haushinsa nake ji har lokacin, don ya ƙwace mini abu ɗaya da nake riƙe da shi, cewa mijina don ni ya mutu. Kuma na ji ƙirjina ya yi sakayau, abin da ban san yana yiwuwa ba. Da ya faɗa mini wannan magana da taushi tun farko, da ƙila ƙugunsa na nan lafiya, amma taushi ba ya cikin kayan aikinsa.

Ban kira masu haƙa ba. Da hannuna na ɗauko bututun daga jikin rumfa na shimfiɗa, na yi kwana uku ina zuba ƙasa ina daddannawa da ƙafa har wurin ya daidaita da sauran hanya.

Yanzu wata tsohuwar ɗalibarsa ke koyarwa. Shi kuma yana zaune a kujerar roba a ƙofar rumfa, sanda a tsakanin ƙafafunsa, yana sauraron hadda, in bai ji da kyau ba ya buga sandar a langa-langa a sake faɗa. Ba ya iya ratsa gona, don haka ni ke bin hanyar da safe ina tsince duwatsu. Gaisuwa ba ta dawo tsakaninmu ba, kuma har gobe in na ji yana nuna wa ɗalibai gefen rumfa raina ɓaci yake. Jiya ya aiko mai kemis ya gaya mini wai na bar bokiti a kan hanya. Na ce a gaya masa ba makauniya ba ce ni, sannan na je na ɗauke.