Baitocin da Dokta Ya Cire

Har gobe ban manta da Talatar da na ƙi sa hannu a kan littafin Dokta ba. Lokacin ina shekara ta tara a maɗaba'armu ta Kawo, ni ne babban mai duba rubutu. Ƙa'idarmu ita ce littafi ba ya shiga inji sai na karanta shi baƙi bayan baƙi na sa hannu.

Dokta malamin jami'a ne. Ya rubuta tarihin wani tsohon mawaƙi na Unguwar Kanawa da ya daɗe da rasuwa, ya kuma juya waƙoƙinsa daga ajami zuwa boko. Takardun asalin 'yar marigayin ce ta ba shi aro, Hajiya Asabe, mai koyar da matan aure karatun Alƙur'ani a Badarawa.

Da nake gwada bokon da ajamin, sai na ga wata doguwar waƙa ta ragu da baiti bakwai. Baitocin nan marigayin ya yi su ne kan wani attajiri da ya ƙwace wa marayu fili. A gurbinsu an saka wasu sababbi na yabon masu hannu da shuni, ko karinsu bai zauna ba.

Na shiga ofishin Manaja, na tarar da Dokta yana shan shayi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan baitocin ba na marigayi Malam ba ne. Wa ya yi su?"

Dokta ya ce, "Gyara ne. Jikan attajirin nan shi ne babban mai ƙaddamar da littafin. So kake a zagi kakansa a gabansa?"

Na ce, "To sai a sa wa mamaci magana a baki don ba zai tashi ya musa ba?"

Manaja ya buga tebur. "Malam Sani, naka waƙafi da aya. Sa hannu!"

Na ajiye biro na fita, na hau mota sai Badarawa. Na karanta wa Hajiya sababbin baitocin. Ban kai na uku ba ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Ɗana, tsaya. Baba bai taɓa roƙon kowa da waƙa ba. Saboda baitocin da aka ciren nan ya kwana uku a tsare."

Washegari ta zo da kanta. Ba ta zauna ba. Ta rera bakwai ɗin da ka a gaban Dokta, ta karɓi takardun mahaifinta ta ƙulle a mayafi, ta ce ba ta yarda a buga ba.

Dokta ya kai littafinsa wata maɗaba'a, aka buga yadda yake so, aka ƙaddamar, aka tafa. Ni kuma aka mayar da ni sito ina ɗaure katan wata takwas. Ɗalibai na nan suna haddace baitocin ƙarya da sunan Malam, abin da ke ci mini rai ke nan har yau.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku riƙe wannan: marubuci mai rai zai zo ya yi faɗa kan harafi guda. Wanda ya rasu ba shi da kowa a ofishin nan sai mai duba rubutu.