Ranar da na kai kwamfuta kara neman izinin surukina

Ko da zan manta ranar da na karɓi takardar gama jami'a, ba na jin zan manta wata Talata, kwana uku kafin Babbar Sallah, da na tsuguna a tsakiyar kara, kasuwar dabbobi ta Sakkwato, kwamfuta buɗe a cinyata, ina jiran surukina ya gama ciniki don in nemi izinin danna maɓalli ɗaya. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai kunya da dariya su taso mini tare.

Lokacin wata biyar ke nan da aurena. Surukina Alhaji ne mai fataucin raguna, mutum mai kwarjini, wanda in ya yi gyaran murya har dillalai ke gyara tsayuwa. Ni kuwa aikina rubuta manhaja. Da yake sabon ango nake, mai son a san yana da amfani, sai na gina masa shafi a intanet inda mutanen Abuja da Legas za su ga hoton rago, su zaɓa, a loda musu a mota. Na cika baki ƙwarai. A kan maganata ya ƙaro raguna fiye da yadda ya saba kowace shekara. Kowa kuwa ya san ragon da ya kwana a hannunka bayan Sallah ya zama jidali.

Shafi irin wannan yana zaune ne a kan kwamfutocin haya da ke wata ƙasa, muna ce musu saba. Ban taɓa ganin su da idona ba. Daga wani baƙin allo nake sarrafa su, in rubuta umarni layi ɗaya, su bi. Na tsara cewa kullum guda biyu za su riƙa aiki, in jama'a sun yi yawa su ƙaru da kansu har ashirin, in an watse su koma biyu. Wannan tsarin shi ne abin da na fi alfahari da shi a duk aikin, don haka na ɗauki kwamfutata na tafi zaurensa in nuna masa.

Na yi gwaji a gabansa. Lamba ta tashi daga biyu ta kai takwas, bayan ɗan lokaci ta sauko. Ina jiran yabo sai na ga ya gyara gilashinsa.

"Wa yac ce su ƙaru?" ya tambaye ni.

"Ba kowa, Baba. Da kansu."

"To shiddan da nig gani ɗazu, ina sunka tahi?"

"Sun koma, Baba."

Sai ya ce, "Shekara arba'in ina kara, ba a taɓa shigo da bisa garkena ko a hita da ita ban sani ba. Abin da ka ƙaruwa shi kaɗai shi ragu shi kaɗai, ba ni son shi cikin sha'anina. Ɗaure su. Biyu na, su tsaya biyu. In ana biɗar ƙari, ka taho ka hwaɗa min."

Wallahi bayanin yana bakina, a shirye tsaf. Amma a garinmu ba a ja-in-ja da suruki, balle surukin wata biyar. Idona na kan tabarma, bakina ya ce, "To, Baba." Ya ce in yi masa alkawari, na yi. A nan gabansa na rubuta umarni: mafi ƙaranci biyu, mafi yawa biyu. Da hannuna na rushe abin da na yi sati uku ina ginawa, har ina yi masa godiya.

Da na koma gidanmu a Tudun Wada na ba matata labari, dariya ta yi har da riƙe ciki. "Kai da ka cika ni da zancen saba har tuwo shi huce, gaban Baba ka zama kurma? Bari ni in yi mai bayani." Na hana ta. Girman kai ya ce mini kada a ce ango ya aiko matarsa ta yi masa magana.

Ranar Talata da hantsi wani ya ɗauki hoton wani ƙaton balami daga shafin ya watsa a zaurukan sada zumunta na waya. Kafin in gama karyawa jama'a sun yi wa shafin ca. Ya fara nauyi, daga baya ya ƙi buɗewa sam. Wayata ta shiga ruri, wannan na cewa ya zaɓi rago ya ɓace masa, wancan na tambaya ko damfara ce. Ga shi kuma motar ƙarshe mai zuwa kudu za ta tashi bayan la'asar ta ranar. Na kira Alhaji ya fi sau goma. Na manta cewa in yana ciniki wayarsa tana can cikin aljihun 'yar ciki, ƙarƙashin babbar riga, ko gobara ce ba ya ɗauka.

"Danna mana!" in ji matata. "Ƙaƙa za shi sani?"

Gaskiyarta, ba yadda zai sani. Amma na yi alkawari da bakina, kuma mutumin ya ba ni 'yarsa bai nemi shaida ba. Na rubuta umarnin da zai kwance saba ɗin da na ɗaure, na bar shi a allon ban danna ba, na fita na tare kabu-kabu. Haka na ratsa gari a bayan babur, kwamfuta buɗe a hannuna kamar mai tallar fura, mutane na bi na da kallo.

Na tarar da shi yana tsaka da ciniki da wani dattijon Bafulatani. Ba a katse babba yana ciniki. Na cire takalmana a cikin wannan kashin tumaki, na tsuguna gefe, na jira. Wani rago ya zo ta baya ya kama gefen rigata yana tauna, ban iya ko korarsa da ƙarfi ba don kada in ja hankali. Da aka sallama sai Alhaji ya juyo ya gan ni.

"A'a, Injiniya! Ƙaƙa gida?"

"Lahiya lau, Baba."

"Ƙaƙa iyali? Ƙaƙa gajiya? Ƙaƙa zahi?"

"Lahiya lau, Baba. Alhamdu lillahi."

Wayata na girgiza a aljihu, kasuwarsa na tsiyayewa, ni kuwa ina ta rantse masa cewa komai lafiya lau. Sai da muka kai har gaisuwar iyayena sannan na samu na ce, "Baba, izini niz zo nema. Biyun nan sun kasa. Tun hantsi ba wanda ka iya sayen rago."

"Tun hantsi?" Ya dubi rana, ya dube ni.

Daidai nan wata mota ta shigo da baya. Wakilinsa, wani mutum mai furfura da ya daɗe tare da shi, ya ɗaga hannu ya yi fito, nan da nan masu lodi wajen goma suka taru. Ko kallon inda Alhaji yake bai yi ba. Ban san lokacin da magana ta kuɓuce mini ba, kuma a ranar ne na fara ɗaga kai na dubi surukina ido da ido.

"Baba, wancan ya biɗi izininka kahin shi kira su?"

"A'a. Shi ya san in mota ta zaka shi kira mutane, in an ƙare shi sallame su. Iyaka ɗai niy yanke mai."

"Wallahi Baba, abin da nit tsara ke nan. Shi na kas sa na ɗaure."

Alhaji ya ce, "To mi ya hana ka hwaɗi haka tun ran nan?"

"Kunya, Baba."

Bafulatanin nan ya fara tuntsirewa da dariya, dillalai suka kama. Alhaji ya ce to in faɗi iyakar da nake so. Na ce ashirin. Ya ce haba, takwas. Ni da ban iya ce masa a'a a zaure ba, sai ga shi a gaban jama'a na ce, "Albarka, Baba." Dattijon ya shiga tsakani kamar dillali, yana cewa Alhaji a ƙara mai. A sha biyar muka daidaita, ya ce ya sallama. Na gyara lambar, na danna. Muna tsaye muka ga biyu ta zama biyar, biyar ta zama tara, shafin ya farfaɗo, saƙonnin masu saye suka fara shigowa.

Sai dai awannin da suka wuce sun wuce. Masu saye da yawa sun riga sun nemi wani wurin. Motar ta tashi da sauran wuri a cikinta, raguna sha ɗaya suka kwana a hannunsa har bayan Sallah. Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ranar da na je yi masa barka da Sallah ya ja ni gefe, ya nuna mini su suna cin harawa, ya ce, "Waɗanga ba injin yar rage su ba, ni da kai munka rage su. Ni na yi hukunci ga abin da ban sani ba, kai ka sani ka yi kawaici. Na ɗauko ka don ka san abin da ban sani ba. In ka yi shiru, mi ka amhwane ni da shi?"

Tun daga ranar na gane cewa ladabi yana cikin yadda za ka faɗa wa babba gaskiya, ka neme ta da misalin da ya sani, ka sassauta murya, ka zaɓi lokaci. Amma ka san abu zai cutar da shi ka ce masa "to" don kada ka ji nauyi, wannan kanka ka kare, shi kuwa ka bar shi da asara.