Makarantar Fada

Ni ban wuce aji huɗu a firamare ba, sai Islamiyya da na ɗan taɓa, amma Allah ya ba ni kunne. Abin da na ji sau ɗaya, ko ta bayan bango ne, ya zauna ke nan. Inna, mahaifiyarmu, takan ce da kunne jari ne da na fi kowa arziki a gidanmu.

Lokacin da autarmu ta samu karatu kyauta a Doha, na riga na daɗe a nan tare da maigidana, wanda yake kula da masu gadi a wani kamfani. A unguwar Bin Omran muke, cikin wani tsohon gida da aka rarraba da katako, mu ɗaki da falo, dama da hagu 'yan Sudan da 'yan Indiya. Ni ba mai fita ba ce. In dai da kuka da daddawa a kicin, da wanda zan yi wa surutu, to, duniya ta cika.

Maigidana ne ya yi wa Inna bayani a waya. Ta tambaye shi wace irin makaranta ce, shi kuwa ya ce mata makarantar Fada ce. Abin da yake nufi, limaman cocin Katolika, waɗanda ake ce wa Fada, su suka kafa uwar makarantar a can ƙasar Turawa, wannan ta Doha reshe ce. Inna kuma ta ji fada, ta sarki. Kafin rana ta faɗi unguwarmu a Katsina ta ɗauka: 'yar autar Inna za ta yi karatu a fadar Sarkin Qatar. Mata suka yi ta shigowa barka, har da masu kawo goro.

Ba wanda ya yi ƙarya, kuma ba wanda ya yi ƙarfin halin gyarawa. Mun san Inna. Tun muna yara take ba mu labarin wani yaron maƙwabtansu da aka kai makarantar mishan ya dawo da wani suna, uwarsa ta mutu da baƙin cikinsa. Da ta gane, cewa za ta yi Auta ta zauna gida, Auta kuwa ba ta taɓa tsallake maganarta ba.

Haka Auta ta zo. Ɗakin kwanan ɗalibai take zaune, ranar Juma'a ta zo mini cin tuwo, ni kuma in tsare ta da tambaya. Me ake koya muku? Sai ta ce tarihi, da falsafa, da siyasar duniya, da addinai, da yadda ake rubutu. In ce, to likita za ki zama ko lauya? Ta ce ba ko ɗaya tukuna, tunani ake koya musu. Na ce ashe ni ma da na sani na nemi gurbi, don tunani kam tun safe nake yin sa kyauta. Ta ce akwai wurin salla a cikin makarantar, yawancin 'yan ajinsu ma Musulmi ne, kuma ba wanda ya taɓa ce mata ta zo coci. Duk wannan ta so Inna ta ji, amma daga bakinta, tana zaune a gabanta a kan tabarma. Ta ce irin wannan magana ba ta waya ba ce. Ta ɗaura niyyar in an yi dogon hutu za ta je ta faɗa mata, in Inna ta ce ta bari, ta bari.

Inna kuma duk sanda muka yi waya sai ta tambaye ni lafiyar yarinyar, ko tana cin abinci, ko ana barin ta ta yi salla a kan lokaci. In ce mata ana bari. Ta ce to, madalla.

Dogon hutun bai zo ba, korona ta riga shi. Aka rufe makaranta, aka tsayar da jirage, Auta ta kwaso littattafanta ta dawo falona. Karatu ya koma cikin kwamfuta, ni kuma daga kicin, bayan katako, na shiga jami'a ba tare da kowa ya ɗauke ni ba.

Ba na jin Turanci, amma ina jin mutane. Na san yarinyar da take magana kamar ana kora ta, da yaron da kullum sai ya yi gyaran murya sannan ya faɗi abin da wani ya riga ya faɗa. Na kuma san muryar wani tsoho mai magana a hankali, wanda in ya yi tambaya sai ya yi shiru har in zaci wuta aka ɗauke. Shi ne Fadan. Auta ta ce a darasinsa tambaya ɗaya suka yi ta juyawa: in Allah mai rahama ne, me ya sa bayinsa suke shan wahala. Na ce wannan ai Inna ta amsa ta tun tuni, jarrabawa ce. Ta ce ita ma haka ta ce masa, sai ya ce madalla, ta je ta rubuto masa abin da malaman Musulunci na da suka ce a kai, don sun fi shi zurfi a nan. Kwana da kwanaki tana fama da littattafan Larabci. Ban taɓa ganin ta riƙe littafin addini haka ba, ko a Islamiyya.

Kalma ɗaya na koya a wannan aji. Auta takan yi ta zuba bayani, tana ɗaga hannu, sai in ji tsohon ya ce da ita wani abu mai kama da "miyut". Wato ta manta ba ta buɗe murya ba, bakinta na motsi, ba mai jin ta. Na mayar da abin tsokana. In maigidana ya yi mini maganar da ba na so, sai in ce masa yana miyut.

Ana cikin kullen Inna ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta ya shanye. Ƙanena, wanda yake tsakanina da Auta, direba ne a Jos tun yana saurayi, shi ya taho ya zauna da ita a asibiti. Ba jirgi, ba hanya. Da muka ga jikin ya ƙi, Auta ta ce ba za ta ƙara jira ba. Muka kira ta bidiyo da la'asar, ƙanena ya kara wa Inna wayar kusa da fuska. Idonta a buɗe, bakin ne ba ya tashi.

Auta ta durƙusa a kan kafet kamar Inna na gabanta. Ta gaishe ta, sannan ta faɗi komai, ba ta rage ba: waɗanda suka kafa makarantar, da tsohon nan malaminta, da wurin salla, da littattafan Larabci. Ta ce in Inna ba ta yarda ba ta yi mata alama ko da ido ne, gobe ta ajiye. Ina tsaye a bayanta ina kallon fuskar Inna, na ga ba ta ko ƙifta ido. Sai can na lura ba Inna ce ta tsaya ba, hoton ne ya tsaya.

Da muka sake samunsa, ƙanena ya ce tun daga gaisuwa sabis ya ɗauke, bai san iyakar abin da ya shiga ba, don shi ma hankalinsa na kan ledar ruwan da ake ƙara mata. Ya ce ta yi barci, mu bari sai gobe. Da safe ta cika.

Mun yi zaman makoki mu uku a falo, sai maƙwabciyata 'yar Sudan da take ajiye mana abinci a bakin ƙofa ta ƙwanƙwasa ta koma. 'Yan ajin Auta suka yi ta kira. Tsohon ma ya kira, na ji shi ya yi ƙoƙarin faɗin ta'aziyya da Larabci, harshensa na tuntuɓe. Ya ce ta ajiye aikin makaranta har sai ta ji za ta iya. Ta koma karatun, ta kuma ci jarrabawa, amma ta daina ba ni labarin aji. Na daina tsokanar miyut, ba wanda ya ce in daina.

Shekarar gasar cin kofin duniya Auta tana ajin ƙarshe. An sallame su da wuri saboda wasan, ta shiga cikin ɗaliban da suke nuna wa baƙi hanya a tashar jirgin ƙasa ta Mushairib. Ƙanena kuma ya samu aikin tuƙa motocin 'yan kallo na ɗan lokaci a nan Doha, ya zo mana da kuka da kuɓewa busasshiya da yajin gida. Ranar hutunsa na tuƙa tuwo. Yana ci yana ba mu labarin Inna, yana kwaikwayon muryarta, har ya zo kan yadda bayan kowace salla takan ce Allah ya saka wa fadan nan da ya ɗauki nauyin Auta.

Na ajiye ludayi. Na ce, "Fadan ta ce, ko fadar?"

Ya dube ni. "Yaya, mene ne bambancin?"

"Fadar sarki mace ce. Fadan coci namiji ne. Inna Bakatsiniya ce, ba ta taɓa haɗa su ba ko a mafarki."

Auta ta daina taunawa. Ta ce ya daure ya tuna, wanne Inna ta ce. Ya yi ta juya abin, ya ce fadan, ya ce fadar, ya ce wallahi ba zai rantse ba. Ni kuwa na san matsalar. Zaman Jos ya cinye masa Hausa, mutumin da yake cewa motan nan ya lalace, matan nan ya zo, ba a kafa shaida da bakinsa. Na faɗa masa haka, ya yi dariya, ya ga ba mai taya shi, ya koma kan tuwonsa.

Bayan ya tafi muna wanke kwanoni, Auta ta ce, ba ta dube ni ba, "Yaya, ke ce mai kunne. Kin taɓa jin wani abu a bakinta?"

Na so in ce mata e, na ji, Inna ta sani, ta kuma yafe. Da na faɗa da ta yarda, don ba ta taɓa kama kunnena da kuskure ba. Amma ban ji ba. Sai na ba ta abin da nake da shi. Na ce duk wayar da muka yi da Inna sai ta tambaye ni ko ana barin ki ki yi salla a kan lokaci. Ban taɓa kawo komai a raina ba sai yau. Wa zai tambayi ko ana barin mutum ya yi salla a fadar sarkin Musulmi?

Ta daɗe tana cuɗa kwano ɗaya. Ta ce wannan ba ya nufin ta sani.

Na ce ba ya nufi. Amma duk sanda na ce ana bari, madalla take cewa, kuma na san madallar Inna ta gatse, na san ta gaske. Wannan ta gaske ce.

Ta ɗauraye kwanon ta kife, ta ɗauki rigar aikinta ta tashar jirgi. A bakin ƙofa ta tsaya tana gyara mayafi, ta ce in rage mata tuwon, in ta dawo akwai wani abu da tsohon ya faɗa a aji tun watan jiya da take so in ji.