Lemun Kawu Gatari

Duk shekarun da na yi ina karatu a waje, ban taɓa yarda cewa lambobin nan da ba sa rabuwa, sai da ɗaya ko da kansu, suna da wani aiki a wajen aji ba. Sai da na dawo na tarar ƙanen mahaifiyata yana gasa wa 'ya'yansa gyaɗa a hannu da su, shi da ko sunansu bai sani ba.

Kawu tsohon mai gyaran famfo ne. Da ƙarfinsa ya fara ja baya, sai ya dasa bishiyar lemo talatin a filin bayan gidansa, ya ja musu ruwa da ragowar bututun aikinsa. Matarsa ta rasu. 'Ya'yansa shida duk sun yi gidajensu, amma kullum suna tafe gaishe shi, suna gaisuwa idonsu na kan lambun.

Wata rana zazzaɓi ya kwantar da shi, tagar ɗakin a buɗe. Ya ji su a tsakar gida suna rabo: biyar-biyar. Babban, wanda direba ne, har ya zaɓi na kusa da famfo. Da Kawu ya miƙe, ya ɗauki gatari ya kwantar da bishiya guda da 'ya'yanta a kai. Daga nan unguwa ta sa masa Gatari.

Ashirin da tara ba ta rabuwa shida. Autarsu, malamar asibiti, ta ce ta yafe nata, aka koma biyar. Ba ta rabu ba. Direba ya lallaɓa ya dasa ɗaya don a koma talatin, Kawu ya dasa wata kusa da ita, talatin da ɗaya. Dashen biyu duk suka bushe, babu mai ba su ruwa.

Yanzu kuwa ciwo ya kama bishiya guda, ganyenta ya yi rawaya, ta fita daga lissafi, kuma wani ɗan ya bi sahun auta ya janye. Saura mutum huɗu, bishiya ashirin da takwas: bakwai-bakwai. Direba ya same ni a ƙofar gida yana huci. "Ɗan'uwa, je ka yi masa magana. Tsohon nan wasa gatari yake yi."

Na samu Kawu a gindin famfo, ya jera duwatsu a ƙasa yana kasa su.

"Kawu, ina wuni?"

"An turo ɗan boko. Zauna, kada ka taka mini lissafi."

Ya cire dutse ɗaya. "Ashirin da bakwai, mutum uku su raba." Ya cire wani. "Ashirin da shida, biyu su raba. Ashirin da biyar, biyar su raba. Ashirin da huɗu kuwa, ko kare ya zo sai ya samu kasonsa." Ya tsaya a ashirin da uku, ya kasa ta ko ta ina, kullum da saura. "Ita ce tawa."

"Bishiya biyar masu lafiya za ka sare ke nan, Kawu."

"Kai ka dasa su?"

Na ce masa ɗaya kawai zai dasa ya koma ashirin da tara, ita ma ba ta rabuwa. Ya harare ni. "In dasa, su ce tsoho ya sauko? Uwarka ma ba ta faɗa mini abin da zan yi da gonata."

Direba ya leƙo ta katanga. "Baba, ka ji tsoron Allah!"

"Tsoron Allah ne ya sa ka zaɓi na kusa da famfo ina numfashi? Sauka mini daga katanga, ɓarawon gado!"

Ya gwada bakin gatarin a farcensa, ya nufi layin farko. Na bi shi, don da gaske ina son in sani.

"Kawu, idan ka bar su suka raba, me za ka rasa?"

Bai juyo ba. "Ranar da lambun nan ya rabu daidai, kowa zai ja katangarsa ya fasa ƙofarsa ta waje. Wa kake gani zai ƙara biyowa ta ɗakina?"