Kawu da Ƙudansa na Gashin Kaza

Ƙanin Ummata ya dawo daga karatu a Turai da wata doguwar jaka da ba ya bari kowa ya taɓa. Ina aji biyu a sakandare lokacin, muna zaune a unguwar Coal Camp. Mun zaci tsaraba ce. Ashe sandar kamun kifi ce, siririya, ana harhaɗa ta gaɓa-gaɓa.

Kawu ba ya sa tana a ƙugiya kamar kowa, wai aikin ƙauyawa ne. Sai ya je wajen masu fige kaji ya tsinto gashi, ya zauna a ƙofar ɗaki yana ɗaure shi a ƙugiya da zare har ya yi kama da ƙuda. Namiji da gemunsa! Idan yana ɗaurin, harshensa kan leƙo ta gefen baki.

Wata Asabar Gwaggo, yayar Babanmu, za ta zo daga Anacha da ƙawayenta. Gwaggo da abin da ta gani a miya take auna matar ƙaninta, Umma kuma ta sani. Ta yafa gyale za ta sayo nama, Kawu ya tare ta.

"Yaya, bar naman nan. Yau zan kawo miki kifin da Turawa ke kira kap. Sai kin nemi babbar tukunya."

Umma ta yarda. Ta ba ni bokiti ta ce in bi shi in dawo da kifin da wuri.

Mai keken da ya ɗauke mu ya dubi sandar ya ce, "Oga, na antenna be this?" Kawu ya ɗaure fuska.

A bakin wani tafki, can bayan gari, muka tarar da wasu mutum biyu masu malafa da irin sandarsa. Nan take muryar Kawu ta koma ta hanci. Ya shiga ruwa har gwiwa yana wulwula zare a sama, gaba da baya, kamar mai korar tsuntsaye a gona. Sau da dama ƙudan a ciyawa ya maƙale, ni ce mai cirowa.

Bayan la'asar kifin ya kama. Babba ne kuwa, mai ɓawo faffaɗa, ruwan zinare, bakinsa na buɗewa yana rufewa. Na matso da bokiti. Masu malafa suka tafa, ɗaya ya karɓi wayar Kawu ya ɗauke shi hoto. Kawu ya dubi bokitin, ya dube su. Sai ya durƙusa ya shafa bayan kifin, ya sake shi a ruwa.

"Kawu, miyar Umma fa?" Na nuna masa bokitin.

"Ke, yi min shiru. Haka wayayyu ke yi. Wasa ne, ba neman abinci ba."

Muka dawo da bokiti wayam, baƙi sun riga sun zauna. Umma ta leƙa bokitin, ta zuba tuwo da miyar kuɓewa lami. Gwaggo ta juya miyar da yatsa tana lalube.

Shi kuwa Kawu, maimakon ya ɓuya, sai ya shigo yana miƙa mata waya.

Gwaggo ta daɗe tana kallon hoton. Ta ce, "Masha Allah, da ƙiba kuwa. Yana ina?"

"Na mayar da shi ruwa, Gwaggo."

Ta miƙa masa wayarsa, ta juya wajen Umma, karon farko da na ga tausayi a idonta.

"Sannu, 'yar nan. Ashe da abin da kike fama ke nan. Ƙaro min yaji."