Sauron Mijina da Kaskon Gwaggo

Shekara uku mijina yana kiwon sauro. A unguwarmu ta Tudun Fulani wani na kiwon tumaki, wani tantabaru, wani agwagi, ni kuwa rabona ya faɗa kan mai kiwon abin da kowa ke tafa hannu ya kashe. Malamin kimiyya ne, yana neman digirin dakta, kuma bincikensa shi ne ya gano abin da ke sa sauro ya tsallake mutum uku ya je ya ciji na huɗu. Na ce masa wannan ai ba sai an je jami'a ba, kowace tsohuwa za ta gaya maka wani jininsa ne mai zaƙi. Ya ce to zaƙin ne yake son ya auna.

Da farko abin yana can wurin aikinsu, babu ruwana. Sai aka shiga wani dogon yajin aiki a farkon shekarun casa'in, aka garƙame ɗakunan bincike. Wata Laraba na dawo daga firamaren da nake koyarwa, na tarar da akori-kura a ƙofar gida, ana sauke wasu akwatuna na katako da raga, Malam yana bin masu sauke kaya yana roƙonsu su yi a hankali. Ko ranar da aka kawo jerena bai tsaya a kan kaya haka ba. Kafin la'asar ya fitar da doyata da tukwanen aurena daga sito, ya jera kejinsa, ya sa sabon kwado.

Daga ranar na zama ɗaliba ba tare da na nema ba. Duk cin abinci sai na sha lacca. Na san cewa a ruwa suke ƙyanƙyashewa, tsutsotsin suna cikin faranti ana barbaɗa musu garin busasshen kifi da yis. Na san manyan ba sa son iska ta bushe, shi ya sa tawul ɗina biyu suka koma saman keji, kullum a jiƙe. Na san namijin sauro ruwan sukari kawai yake tsotsa a auduga, macen ce ke neman jini saboda ƙwai. Da ya faɗi wannan na ce ashe har a wurin ƙwari mace ce ke fita wahala, namiji na zaune yana shan zaƙi. Bai ji ni ba, yana zana min bakin sauro a bayan ambulan.

Jinin kuwa nasa suke sha. Bayan kwana uku-uku sai ya naɗe hannun riga, ya zura hannu cikin keji, ya kafe idonsa a agogo, har sai sun ƙoshi. Hannun ya koma duk ƙuraje, a masallaci wasu suka fara ba shi tazara a sahu don suna zaton ƙazwa ce. Wani dattijo har ya aiko masa da man shafawa.

Na taɓa tambayarsa me zai hana ya huta, tunda kwatar bayan gidanmu kaɗai ta isa ta ba shi sauro kyauta har ya raba wa abokai. Ranar ya ajiye cokali. Ya ce na kwata ba a san asalinsu ba, ba a san wa suka ciza ba, ba a san irin maganin feshin da suka sha suka rayu ba. Nasa kuwa ya san iyayensu da kakanninsu tun daga ƙwan farko, ba sa ɗauke da cuta, kuma duk abin da ya auna a shekara ukun nan da su ya auna. In suka mutu kafin ya gama, awon baya ba zai haɗu da na gaba ba, sai dai ya koma farko. Lokacin da na zo haihuwa saura wata biyu ya rufe gwajin ƙarshe. Na fahimta sarai. Ina faɗin haka ne don kada wani ya yi min uzurin jahilci a abin da ya biyo baya.

Gwajin nasa da safar ƙafa yake yi. Mutum ya sa ta ya yini, da yamma a rataya ta a bakin keji a ƙirga saurayen da suka taru. Ya gwada tasa, ya gwada ta mai gadin makarantarsu, ya gwada ta wani mai faci. Sai ya juyo kaina, ina da ciki wata shida, a zafin Minna, ya ce in daure. Na yini da safa kamar soja. Da ya rataya tawa sai ga su sun yi mata baƙi ƙirin. Na ji shi yana kirana daga sito da wata murya da ban taɓa ji ba ko ranar da na gaya masa ina da cikin. Ya ce wannan ciki alheri ne ga kimiyya. Har na haihu ƙafata ba ta ƙara shan iska ba.

Maƙwabciyata ma'aikaciyar jinya ce, daga Sabon Gari suka taso. Ita ce ta kai ni asibiti ranar da naƙuda ta taso da hantsi, domin Malam ya ce in ba shi minti goma, akwai tsutsotsin da ke gab da zama sauro, in bai tsince su ba za su tashi a cikin ɗaki. A mota ta dube ni ta ce, “Maman gida, wannan miji naka, kansa yana lafiya dai?” Malam ya iso bayan an yanke cibi, yana ta murna da gaske, da cokalin tsintar tsutsa a aljihun gaba.

Haihuwata ta biyu ce, don haka ban tafi wankan gida ba. Gwaggo, yayar mahaifina, ita ta zo daga Dutsen Kura ta zauna da ni. Mace ce mai ƙa'ida, wadda ta yi wa rabin danginmu wankan jego, kuma ta binne 'ya'yanta uku, dukansu zazzaɓi ne ya kashe su. A wurinta gidan mai jego gidan hayaƙi ne: wutar ruwan wanka safe da yamma, turaren wuta a ɗaki, sannan ɓawon lemo da ganyen darbejiya a kasko don kada sauro ya kusanci jariri. Haka aka yi mata, haka ta yi wa kowa.

Tun ranar farko Malam ya zo ya durƙusa ya gaishe ta, ya roƙi alfarma a rage hayaƙi. Murhu ya koma can bayan gida. Turaren wuta sai an rufe taga. Kaskon ɓawon lemo kuwa ya ce don Allah a bar shi gaba ɗaya, ga gidan sauro ya saya sabo. Kafin a hura wuta sai ya fito ya jiƙa yatsa ya ɗaga sama ya ga inda iska ke kaɗawa. Gwaggo ta tambaye shi wa ke kwance a sito da ba ya son hayaƙi. Ya kai ta ya buɗe, ya yi mata bayani tun daga ƙwai har safa, yana fassara mata Turancin da haƙuri. Ta saurara har ƙarshe, ta ce Allah Ya ba da sa'a. Da ta dawo ɗaki ta zauna bakin gado ta daɗe tana kallon jaririyar.

A kwana na uku ya shigo ina fama da zafin wanka, jikina duk ya yi laushi. Ya ɗauki yarinyar, ya yi mata wasa, na ji daɗi. Sai na ga yana shinshina kanta. Ya ce in ba damuwa, hular da ta yini da ita kada a wanke, yana son ya rataya ta a keji, tunda ba kowane mai bincike ne ke samun jariri ɗan kwana uku a gidansa ba. Na ba shi hular. Amma na cika na batse, kuma tun daga lokacin ko fuskarsa ba na son gani. Ba tsoron cizo ne ya dame ni ba, na san kejin a rufe yake. Haushi ne zalla, na ganin cewa ni da 'yata a gidan nan mun zama kayan aiki.

Ana gobe suna ya shirya zuwa kasuwa sayen rago da goro. Gida ya fara cika da mata. Ya shigo ya miƙo min makullin sito, ya rage murya ya ce, “Riƙe min wannan. In rana ta take ki jiƙa musu tawul. Duk gidan nan ke kaɗai kika san abin da ke cikin ɗakin can.”

Na tura shi ƙarƙashin matashi. Ko ƙarar babur ɗinsa ba ta gama ɓacewa ba Gwaggo ta shigo. Ta ce gobe jama'a za su cika gida da jarirai a baya, kuma ita ba za a ce ta yi jego a gidan da ake ciyar da sauro ba. Ta tambaye ni ina makulli. Na ce ban da lafiyar tashi. Sai na gyara kwanciya, na ɗaga kaina daga matashin, na juya fuskata bango. Ban ba ta ba, ban kuma hana ta ba, kuma shekaru na yi ina ɓuya a bayan wannan 'yar dabara.

Gwaggo ba ta aikin rabi da rabi. Ta cika kasko biyu da garwashi, ta zuba ɓawon lemo da darbejiya, ta ƙara da busasshen barkono don kada a samu mai taurin rai. Ta toshe taga da tsumma, ta rufe ƙofa, ta zauna a bakinta tana tsinke zogale. Da ta tabbatar shiru ya yi, ta buɗe, ta ɗebo sauran tafasasshen ruwan wankana ta bi faranti ɗaya bayan ɗaya. Takardun da ƙwai ke manne a jiki ta tattara ta jefa a murhu. Ta share, ta goge, ta wanke min tawul ɗina ta shanya. Matan da ke tsakar gida suna ta sa mata albarka. Sannan ta dawo da makullin inda ta ɗauke shi.

Ya dawo bayan azahar yana jan rago. Tun daga zaure warin barkono ya tare shi. Na leƙa ta labule na ga ya saki igiyar, ragon ya shige cikin mata ana ta dariya ana kamawa, shi kuma ya tsaya a ƙofar sito. Gwaggo ta ce masa, “Na kashe maka su duka, ɗan nan. Ka gode wa Allah ba su kashe maka 'ya ba.” Ya durƙusa kamar yadda ya saba ya ce an gode, sannu da aiki.

Na zaci zai yi faɗa, har na tanadi amsoshina, ina da su da yawa kuma masu kyau ne. Sai ya shiga siton ya ɗauko gashin kaza, yana share gawarwakin daga ƙasan kowane keji zuwa kan farar takarda, yana ƙirgawa yana rubutawa, maza daban mata daban. Mata suka taru a ƙofa suna kallo suna toshe baki. Ni ma na so in yi dariya, ta ƙi zuwa. Ya duba kowane faranti ko akwai tsutsa ɗaya mai motsi. Babu.

Da ya gama ya shigo ɗakina. Ya dubi jaririyar, ya dube ni, ya ce, “Kwadon ba a fasa shi ba.” Ya miƙo hannu. Na zaro makullin na ba shi. Ya sa a aljihu ya fita duba ragon.

An yi suna lafiya, ya raba goro yana murmushi, har aka yaba masa da haƙuri. Gwaggo ta yi arba'in ɗinta cikin hayaƙi yadda take so, ta koma Dutsen Kura da turmin atamfa da ya saya mata. Har ta rasu tana ba da labarin yadda ta ceci jikarta, kuma ban taɓa ganin laifinta ba.

Da damina ta kankama ya ɗauki ludayi da bokiti ya koma bin kududdufai, ya fara daga ƙwan farko. Wannan karon ya kama ɗaki a wata unguwa, ya sayi zomo yana ba su jininsa. Doyata ta koma sito. Bai taɓa ɗaga maganar ba, bai rage min komai ba, abinci da sutura da fara'a duk suna nan. Laccar ce kawai ta tsaya. In na tambaye shi ya aiki, sai ya ce alhamdu lillahi, ya tambaye ni ya yara. Na gwada tsokanarsa da maganar sauro sau biyu ko uku, ya yi murmushi ya ci gaba da cin tuwonsa. Abin ya yi min ciwo fiye da zagi, kuma babu wanda zan kai wa ƙara, tunda ba a kai ƙarar miji don ya daina ba ka labarin ƙwari.

Sai da yarinyar ta shiga ajin share fage sannan ya samu digirin. Ya kawo kundin gida, mai baƙin bango, ya ajiye a kan tebur. Da ya fita na buɗe shafin godiya. Ya gode wa Allah, ya gode wa malaminsa, da mai gadi, da mai facin nan, da mai gidan da ya ba shi hayar ɗaki. A layin ƙarshe har zomon ya samu shiga, wai saboda juriyarsa. Na koma sama na sake karantawa a hankali, ina bin layi da yatsa kamar yadda nake koya wa 'yan aji ɗaya, har na kai ƙasa. Ba na ciki.