Karatun da Ba Shi da Suna a Hausa

Tun ina aji uku na firamare Baba ya daina kirana da sunana. Likita yake ce mini, a gida da waje, har mutanen layinmu a unguwar Sintali suka ɗauka. Shi direba ne a wani asibitin gwamnati, ya yi shekaru yana tuƙa manyan likitoci. Ya san wanda ke son a buɗe masa ƙofa, ya san wanda ke barci da an hau titi. Ban taɓa jin ya yi da ɗayansu ba. Amma idan ya dawo gida ya tuɓe takalmi, sai ya dube ni ya ce wata rana 'yarsa ce za ta zauna a kujerar baya, wani ya tuƙa ta.

Ni kuwa abin da hannuna ke so daban ne. Tocila, rediyo, dutsen guga, duk abin da ke da ƙusa a jikinsa sai na kwance shi da bakin wuƙa na ga cikinsa. Mahaifiyata, wadda muke kira Dada, ta sha yin faɗa a kan wuƙaƙenta da na lanƙwasa. Baba ya ce a ƙyale ni, hannun tiyata ne. Haka yake, duk abin da na yi sai ya juya shi ya koma likitanci.

Ina aji huɗu na sakandare Dada ta kamu da ciwon ciki mai naci. Likitan da ya duba ta mutumin kirki ne, ya ce sai an ɗauki hoton cikin kafin ya san abin yi. Ni na raka ta ɗakin hoton. Na'urar tana nan a tsaye, an lulluɓe ta da wani tsohon zanen gado, wani ma ya ɗora kofin shayinsa a kai. Aka ce ta lalace, ana jiran mai gyara daga Legas. Na tambayi nas yaushe zai zo, ta dube ni kamar na tambaye ta ranar da duniya za ta tashi. Dole Baba ya kai Dada wani gari, tafiya mai nisa a kan hanya mai ramuka, tana riƙe da ciki tana cije baki. Ta warke daga baya, alhamdulillahi. Amma haushin kofin shayin nan bai sake ni ba. Ga likita, ga majinyaciya, ga wuta an kawo, kowa ya yi cirko-cirko saboda babu mutum ɗaya a garin da zai iya buɗe wannan abu ya ga me ya same shi.

A wayar Dada na gano ashe akwai karatun da ake yi don wannan kaɗai. Sunansa dogo ne, da Turanci: bayomedikal injiniyarin. Na yi ta maimaita shi a raina har ya zauna a bakina. Na tambayi malaminmu na kimiyya, ya sosa kai ya ce yarinya mai ƙoƙari irina me ya kai ta neman wahala, in yi likitanci kawai. Ƙawayena kowa likitanci take so, ko aikin nas, ko haɗa magunguna. Da na faɗa musu nawa sai suka yi dariya, ɗaya ta ce in na gama in zo in duba musu injin markaɗe. Ban ƙara ɗaga maganar a gabansu ba.

Zaɓen jami'ar ni kaɗai na yi shi. A cikin waɗanda ke kusa da mu ban ga wannan karatun ba. Uku na samu, duk a nesa, a garuruwan da ban san kowa ba, ban ma san wanda ya san wani ba. Idan an tashi daga makaranta sai in zauna a bayan gida ƙarƙashin mangwaro, in ja layi a bayan littafina, in rubuta abin da na gani game da kowacce. Babu wanda zan tambaya ko hotunan da suke sakawa gaskiya ne. A ƙarshe na ɗauki wadda ke da nata asibitin a gefe, don na ƙudura cewa a can dai ɗalibi zai taɓa na'ura ta gaske da hannunsa, ba a allo kawai zai gan ta ba. Ita ce ta fi nisa, tana kudu, yini guda da wani abu a mota.

Ranar cike takardar jarrabawar shiga jami'a Baba yana wurin aiki, sai na hau keke na tafi wani shagon kwamfuta a unguwar Sarkin Dawaki. Mai shagon ya ji abin da na ce, ya ɗago ya dube ni.

“Sista, kin tabbata? Medisin fa, likitanci, ga shi nan a sama.”

Na ce masa na gani, idona lafiya lau. Ya danna, ya buga mini takardar, na naɗe ta na saka a jaka.

Da yamma Baba ya ce in kawo ya gani. Turancinsa na aiki ne, yana karanta alamar hanya da sunayen ɗakunan asibiti, ba ya wuce nan sosai. Ya saka tabarau, ya bi layin da yatsa a hankali har ya zo kan “medikal”, sai yatsan ya tsaya. Kalma ce da yake gani kullum a jikin motar da yake tuƙawa. Fuskarsa ta washe. Ya tambaye ni sauran kalmomin da ke gaba da baya me suke nufi. A nan ya kamata in buɗe baki in faɗi gaskiya. Na ce masa wani reshe ne. Ya ce ai ya sani, likitoci ma kashi-kashi ne, akwai na ido, akwai na ƙashi. Nisan garin ma bai dame shi ba, ya ce babban karatu ba a bakin ƙofa ake samunsa ba. Ranar har tsire ya sayo mana.

Daga nan na shiga wani irin zama da ban taɓa sani ba. Gida cike da mutane, amma ba ni da abokin magana. Baba ya baza labari a wurin aiki da masallaci. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Mumuye mai sayar da doya, kullum in na wuce sai ta miƙo ƙafarta mai kumburi.

“Likita, kai ya dawo? Zo ka duba ƙafa na, tun jiya yana ciwo.”

Sai in durƙusa in taɓa, in ce ta je asibiti. Ta ce ita ni za ta jira. Wani lokaci haushinsu nake ji duka, in ce wa ya aike su su naɗa mini rawanin da ban roƙa ba. Can kuma in tuna ni ce na ce reshe ne, sai haushin ya dawo kaina.

Na faɗa wa Dada wata rana muna tsince shinkafa. Ta saurara har na gama, ba ta ɗago kai ba. Ta ce ita ba ta san bambancin ba, kuma wannan magana tsakanina da babana ce, ba za ta ɗauka ta kai masa ba. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Ban ga laifinta ba, amma na fita daga ɗakin girkin da nauyin da ya fi wanda na shiga da shi.

Sakamako ya fito, makina ya yi kyau. Ya isa a ɗauke ni likitancin ma a jami'ar da ba ta da nisa da gida. Wannan ne ya ƙara dagula mini lissafi, domin ana ba da 'yan kwanaki wanda ya ga dama ya canja jami'a ko karatu. Da zan koma shagon nan in ce a danna na sama, ƙaryata ta zama gaskiya, Baba ba zai taɓa sanin an yi ba. Sau biyu ina zuwa. Na farko na tsaya a ƙofa na juya. Na biyu har na zauna a benci, layi ya zo kaina, na ce wa na bayana ya wuce, na tashi na taka da ƙafa har Sintali cikin rana. A hanyar na gane ba zan canja ba, ba kuma zan iya hawa mota in bar shi da ƙarya ba.

Ranar Asabar bayan la'asar na same shi a tabarma yana goge takalmin aikinsa. Na shirya jawabi mai tsawo, amma sai da na durƙusa a gabansa na lura da Turanci na shirya shi, mu kuwa ba ma Turanci da Baba. Na lalubi sunan karatun a Hausa na rasa.

“Baba, karatun nan da na cike, ba likita zan zama ba.”

Ya ajiye burushin. “To me za ki zama?”

“Injiniya. Ta kayan asibiti.”

Ya tambayi aikinsu. Na ce su ne ke ƙera na'urori, su kula da su, idan sun lalace su gyara. Duk maganar da na yi, “gyara” kaɗai ya kama. Ya san masu gyara a asibitinsu, mutum biyu ne da ke zama a bayan ɗakin janareta cikin riga mai baƙin mai, ana ƙwala musu kira idan fanka ta tsaya. Injiniya ake ce musu, amma da 'yar dariya ake faɗi.

“Wato makaniki,” in ji shi.

Na ce ba haka ba ne. Na sake bayani, na zagaya ta nan, na zagaya ta can, ko ta ina na bi sai in faɗo kan gyaran inji. Ya tambaye ni ko makin ne bai kai ba. Na san da na ce bai kai ba da ya sami abin riƙewa, ya ce haka Allah ya so. Amma na gaji da ƙarya, na ce ya kai. Na tuna masa na'urar da aka lulluɓe da zanen gado, ya ce shi ya tuƙa motar ranar, ba ya bukatar tuni. Ya dubi takalmin.

“Shekara nawa ina shiga asibitin nan ta ƙofar baya,” ya ce. “Na so ke ki shiga ta gaba.”

Na zo da shirin faɗa. Da ya ɗaga murya da na san yadda zan yi, don ni ma ba a bar ni a baya ba wajen baki. Bai ɗaga ba. Ya ce in je in yi abin da na zaɓa, ba zai hana ni ba, Allah ya sa albarka. Ya ɗauki burushinsa ya ci gaba. Na daɗe a durƙushe kafin na gane an sallame ni.

Watannin da suka biyo baya bai yi mini wani abin ɓacin rai ba. Yana amsa gaisuwata, yana tambaya ko na ci abinci. Da takardar ɗaukata a jami'ar ta fito shi ya kai ni aka yi hoto, shi ya sayo mini akwati da bokiti. Amma hirar yamma ta mutu. Ya koma kirana da sunana, cikin ladabi, kamar 'yar wani ce ta zo hutu. Mutanen layi suka ci gaba da Likita, shi bai gyara musu ba, ni ma ban gyara ba.

Ranar tafiya da safe ya raka ni tasha. Shi ya ɗauki akwatin, ya zaɓa mini kujerar da ba ta kan taya, ya zagaya motar yana duba tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya ja direban gefe ya yi masa magana. Na shiga na zauna kusa da taga. Muna jiran mota ta cika sai ga wani tsohon abokin aikinsa, shi ma direba, ya zo aika saƙo. Suka gaisa, Baba ya nuna ni ya ce 'yarsa ce za ta jami'a. Mutumin ya leƙo ta taga ya yi mini murna, sannan ya juya ga Baba.

“Me za ta karanta?”

Na zuba wa Baba ido. Ina so in ji da bakinsa me zai kira ni. Ya gyara hularsa, ya dubi ƙasa, sannan ya matso kusa da tagar ya yi ƙasa da murya.

“Faɗa masa da Turanci.”

Na faɗa da Turanci. Mutumin ya ce masha Allah, babban karatu. Baba ya gyaɗa kai bai dube ni ba. Aka rufe ƙofa, mota ta tashi.